Yadda Ake Koyar da Yara ta Hanyar Aiki a Cikin Unguwa, da Yadda Ake Tafiya da Mutanen Gari

Koyarwa ta hanyar aiki ita ce ka ba yara tambaya guda wadda ta shafi rayuwarsu, su shafe makonni suna neman amsarta da ƙafarsu da hannunsu, lissafi da rubutu da kimiyya duk su shigo ta cikinta, daga ƙarshe su tsaya gaban iyayensu su faɗi abin da suka gano. A Amurka wani malamin jami'a, William Kilpatrick, almajirin John Dewey, ya yi rubutu a kan wannan hanya tun 1918. Mu kuwa a nan, ɗan maƙeri bai taɓa koyon ƙira a kan allo ba, zuga-zugi ake fara miƙa masa.

Na yi irin wannan aiki sau da dama da 'yan aji biyar da shida na firamare. Zan yi maka misali da wanda na fi maimaitawa, wato binciken ruwan unguwa: ina ake samunsa, nawa ake sha, nawa ake kashewa. Idan ka iya wannan, za ka iya na shara, na dashen itatuwa ko na farashin hatsi a kasuwa. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu, Malam, rabin aikin a wajen makaranta yake, a bakin manyan unguwa.

Kayan aiki

Littafin rubutu ɗaya ga kowane rukuni, ban da littattafan darasinsu. Kwali babba kamar guda goma da alƙalamin rubutu a kwali. Idan babu, bayan tsohuwar kalanda ko takardar buhun siminti da gawayi sun wadatar, a kwaɓa sitaci a liƙa. Igiya mai tsawon mita 10, an yi mata ƙulli a kowace mita; tef ɗin tela ya isa a auna ta. Jarka ɗaya mai lita 25, bokiti, buta, da robobin ruwa masu garai-garai waɗanda aka wanke, kamar guda takwas. Ledar ruwan fiya-wata guda biyu lita ɗaya ce, da ita za ka nuna wa yara girman lita idan ba ka da ma'auni. Waya ɗaya mai ɗaukar hoto da sauti. Sai abokiyar aiki mace. Na sa ta cikin jerin nan da gangan, don idan babu malama a tafiyar, ba za ka ji komai daga cikin gidaje ba, alhali mata ne suka san jarka nawa ke ƙarewa a wuni.

Kada ka nemi ko sisi daga hannun iyaye. Ranar da yaro ya je gida ya ce "Malam ya ce a kawo naira ɗari ta furojet", ranar aikinka ya mutu.

1. Zaɓi tambayar da yaro zai iya amsawa da kansa

"Muhimmancin ruwa ga rayuwa" taken insha'i ne, yaro zai kwafo maka shi daga littafi cikin minti goma. Tambayar aiki ita ce irin wannan: "Jarka nawa gidanmu ke sha a rana, daga ina take zuwa, kuma nawa muke biya a wata?" Babu littafin da ke da amsar. Dole ya ƙirga.

Ni nakan fara da hira a aji. Wa ya makara yau saboda layin tuƙa-tuƙa? Hannuwa za su tashi, galibi na 'yan mata. Daga nan tambayar kan fito daga bakinsu, ni dai gyara mata zama nake yi a allo.

Duba lokaci. Zango na biyu ya fi dacewa da aikin ruwa, wajen watan Fabrairu zuwa Maris, rijiyoyi sun fara ja baya, kowa kuma maganar ruwan yake yi. Zangon farko kaka ce, a karkara rabin ajin yana gona. Ka kauce wa azumi da makon jarrabawa. Makonni biyar zuwa shida sun isa; wanda ya wuce haka yara kan gaji, kai ma ka gaji.

2. Ɗaure aikin da manhaja, sannan ka bi ta ofis

Ɗauki tsarin darussan zangon ka zauna da shi. Lita da ninkawa da rabawa da matsakaici suna cikin lissafi. Taswira da alƙibla suna cikin nazarin zamantakewa. Tsaftar ruwa da cututtukan da yake ɗaukowa suna cikin kimiyya. Rubuta wasiƙa zuwa ga hukuma yana cikin Hausa da Ingilishi. Rubuta duk wannan a shafi ɗaya: mako na kaza, darasi kaza, abin da yara za su yi. Wannan shafin shi ne garkuwarka ranar da jami'in duba makarantu ya zo ya tarar da ajinka babu kowa.

Kai wa shugaban makaranta shafin. Shi ne zai sanar da ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma a rubuce. Tun bayan dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004, haka tsanin yake: hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya (UBEC), ta jiha (SUBEB), Hukumar Ilimi ta Ƙaramar Hukuma a ƙasa, sannan makaranta. Kada ka tsallake shugabanka don ka san wani a ofis. Ka riƙe kwafin takardar da aka sa wa hannu a cikin jakarka duk ranar fita.

Idan shugaban naka yana ɗari-ɗari, rage buri. Ce masa darasi biyu kawai za ka ɗauka a mako, fita kuma sau biyu a duk zangon. Yawanci tsoronsa kada wani abu ya sami yaro a waje a ce shi ya bari, kuma yana da gaskiya.

3. Sanar da gari, bi da bi

A nan na taɓa faɗuwa, shi ya sa zan daɗe a kai. Shekarar da na fara, na tura yara da littattafai su tambayi gidaje yawan mutanensu da ruwan da suke sha, ban gaya wa kowa ba sai shugaban makaranta. Kafin la'asar magana ta rabu uku. Wasu suka ce gwamnati za ta sa harajin rijiya. Wasu suka ce ƙidayar yara ake yi don wata allura. Wasu kuma suka ce burtsatse za a haƙa, har wani dattijo ya zo makaranta yana nuna mini filin da ya dace. Sai da muka yi mako biyu muna bi muna ba da haƙuri, aikin kuma bai ƙara tashi ba a wannan zangon.

Ga yadda nake bi yanzu. Farko shugaban kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma da ke taya makaranta gudanarwa. A cikinsa akwai wakilin masu sarauta da na malaman addini da na iyaye maza da mata. Shi zai raka ku, kai da shugaban makaranta, wajen mai unguwa ko dagaci. Ku je da yamma, lokacin da yake zaune a ƙofar gida, ku tuɓe takalma, a gama gaisuwa tukuna. Bar shugaban kwamitin ya buɗe magana. Idan aka ba ka dama, kada ka yi dogon Turanci. Abin da nake faɗa bai wuce wannan ba:

"Ranka ya daɗe, darasi ne muke so mu koya wa 'ya'yanka. Lissafi ya yi musu wuya a allo, shi ne muka ce bari su ƙirga ruwan gidajensu. Ba gwamnati ta aiko mu ba, ba kuɗi a ciki, kuma ba mu zo da alkawarin famfo ba. Idan sun gama, gabanka za su fara kawowa."

Maimaita zancen rashin alkawarin nan ko sau uku ne. Mutanenmu sun saba duk wanda ya zo da littafi yana tambayar ruwa, to mota da injin haƙa na biye da shi.

Daga nan sai liman. "Allah gafarta Malam, muna roƙon a sanar wa jama'a bayan sallah." Rubuta masa sanarwar da kanka, layi huɗu, da boko ko ajami, wanda ya fi masa sauƙi, don idan ka bar ta a baki za ta sauya kama kafin ta isa sahu na uku. Idan a unguwar akwai coci, a kai wa fasto irin takardar a rana ɗaya, kada wani ɓangare ya ji labari a bakin ɗayan. Inda har yanzu ake da mai shela, a ba shi.

Sai mata. Sanarwar masallaci ba kullum take shiga cikin gida ba. Maigida zai ji, ya manta kafin ya cire hula. Malamar da kuke tare ta je wajen shugabar ƙungiyar iyaye mata, da malamar Islamiyyar matan aure, da ungozoma idan ana jin maganarta. Minti biyar a Islamiyyar dare ya fi takarda ɗari da aka ba yara su kai gida, don rabin takardun nan a hannun mai ƙosai suke ƙarewa.

Kada ka manta da 'yan garuwa da mai burtsatsen da ke sayar da ruwa. Su ne za su fi zargin ana shirin taɓa musu abinci. Je ka same su da kanka, ka ce yara za su zo koyo a wajensu. Wani ɗan garuwa da na fara jin tsoron zai kore mu, shi ya ƙare yana koya wa yara yadda farashi ke hawa idan babu wuta aka tayar da janareta.

4. Raba rukuni

Ajin da ke da yara 80 sai a yi rukuni takwas na goma-goma, a haɗa su bisa layin da suke zaune, don su san hanyoyin kuma su koma gida tare. Kowane rukuni da shugaba, da marubuci, da masu jan igiya biyu, da mai tambaya, da mai zane, da mai kula da lokaci. Sauya muƙaman duk mako. Idan ka bari, mai kyan rubutu zai riƙe littafi har ƙarshe, sauran su zama 'yan rakiya. Yaron nan da ba ya iya karatu sosai, sau da yawa shi ya fi kowa sanin lungunan unguwa. Ba shi taswira ka sha mamaki.

5. Gwada komai a harabar makaranta

Mako guda cur kafin fita. Su cika jarka da buta suna ƙirgawa, su cika bokiti da robar lita ɗaya da rabi, har kowa ya san bokitin gidansu lita nawa yake ci. Su auna daga ƙofar aji zuwa ƙofar makaranta da igiya, sannan da taku, su gane taku nawa ne mita 10 ga kowannensu. Su zana taswirar makaranta, gabas a inda take; yaran da ke sallah ba sa ɓatan gabas.

Sannan a gwada tambaya. Kai ka zama maigida mai faɗa, su yi sallama, su gaishe ka, su faɗi abin da ya kawo su. Ka kore su sau ɗaya, su koyi cewa "To Baba, mun gode, a huta lafiya" su juya ba tare da ɓata rai ba.

6. Tattara bayani

Kashi biyu ne. Na farko a gida: kowane yaro ya ƙirga jarka ko bokitin da ya shigo gidansu kwana bakwai, yana jan layi a takarda, ya rubuta inda aka ɗebo da abin da aka biya. Gidansu kaɗai. Yawan mutanen gida ma shi zai ƙirga a ransa ya rubuta adadi, ba suna. Akwai iyayen da ba sa son a ƙirga musu 'ya'ya, bai kamata ka tura ɗan wani ya yi ba.

Na biyu fita: a zagaya rijiyoyi da tuƙa-tuƙa da famfuna na jama'a, a rubuta wanda ke aiki da wanda ya lalace, tun yaushe, mutum nawa ke layi, mita nawa ne daga makaranta. Fita da safe, a dawo kafin rana ta take. Kowane rukuni biyu da babba ɗaya. 'Yan kwamitin SBMC da tsofaffin ɗalibai sukan taimaka idan an roƙe su da wuri. Kira suna kafin fita, kira suna bayan dawowa.

Doka uku ba sassauci. Yaro ba ya leƙa rijiya, ba ya jan guga. Babba ne zai ɗebo ya zuba a roba. Ba a ɗanɗana ruwan da aka ɗebo. Ba a shiga gidan kowa sai 'yan mata tare da malama, su ma da izini.

Idan yankinku babu tsaro, ko iyaye sun ƙi, soke fitar gaba ɗaya. Ƙirgan gida ya isa, taswira kuma a zana ta daga abin da yara suka sani, a gayyato ɗan garuwa da mai gyaran tuƙa-tuƙa su zo aji a yi musu tambayoyi.

7. Mayar da abin da aka samo ya zama darasi

Nan ne daɗin yake. A ce yarinya ta kawo cewa su 12 ne a gida, suna shan jarka 8 a rana. Lita 200 ke nan. A raba wa mutum 12, kowa ya tashi da lita 16 da 'yan kai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar kimanin lita 20 a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ke buƙata don sha da girki da ɗan tsafta, sai yara su gwada nasu da wannan. A ce jarka naira 100 ce: 800 a rana, 24,000 a kwana 30. Ranar da wani yaro ya fitar da irin wannan jimla a allo, ajin ya yi tsit, sai wata daga baya ta ce, "Malam, ashe shi ya sa Baba yake faɗa idan mun zubar."

Robobin ruwan da aka ɗebo a jera su a taga, kowace da alamar inda ta fito, a bar su su kwana. Da safe za a ga laka ta kwanta a gindin wasu. Yi musu kashedi a nan: ruwa ya yi garau ba ya nufin babu cuta, ƙwayoyin da ke kawo amai da gudawa da taifot ido ba ya ganinsu. Idan za ka samu jami'in duba-gari ko ma'aikacin asibitin unguwa ya zo ya yi bayanin tafasa ruwa da rufe randa da nisanta masai daga rijiya, ya fi naka tasiri. Ma'aikatan lafiya kan ce a bar tazarar mita 30. Amma kada a sa sunan gidan da masansa ya matse rijiya a taswira. Za ka haɗa faɗan maƙwabta da ba za ka iya rabawa ba.

Kuskuren da malamai suka fi yi a nan shi ne karɓe aikin. Taswirar yara za ta karkace, rubutun zai hau dutse. Bar shi. Iyaye sun san hannun 'ya'yansu, kuma suna gane kwalin da malami ya kwana yana zanawa.

8. Kada gari ya ji shiru

Duk ranar Alhamis ka aika saƙon murya na minti ɗaya a zauren WhatsApp na iyaye ko na kwamiti, da Hausa: ga abin da aka yi, ga na mako mai zuwa. Murya ta fi rubutu, ba kowa ke karanta boko ba. Wani lokaci ka bar yaro ya yi maganar. Hoton hannuwa da kwali da igiya ya isa. Fuskar yaro, musamman 'ya mace, ba ta shiga waya sai da yardar iyayenta. Inda babu manyan wayoyi, leƙa wajen mai unguwa sau ɗaya a tsakiyar aiki ka ba shi labari, a liƙa kwali ɗaya a bangon makaranta ta waje.

Idan ka ji wata jita-jita, kada ka bari ta kwana. Koma wajen wanda ya yi maka sanarwar farko.

9. Ranar nuni

Zaɓi ranar da ba ta kasuwa ba, ka tambayi mai unguwa lokacin da ya dace kafin ka sa. Gayyatar Sakataren Ilimi da kansila ta bi ta hannun shugaban makaranta, mako biyu kafin ranar. Tanadi tabarmi a inuwa ɓangaren mata. Idan ba za su fito taron maza ba, a yi musu nasu zama washegari, 'yan matan ajin su gabatar.

Jawaban manya su ne ke cinye irin wannan taro. Roƙi mai gabatarwa: addu'a, maraba ta minti uku, sai yara. Kowane rukuni minti biyar, da Hausa, a bar jama'a su yi musu tambaya. Kai ka koma gefe ka kama bakinka, ko da yaro ya yi tuntuɓe a lissafi. 'Yan rukuninsa za su gyara masa. Ka ja kunnen yara tun kafin ranar: adadi za su faɗa, "tuƙa-tuƙa kaza muka gani, kaza ke aiki", ba za su ce wane ya gaza ba. Idan taron ya fara juyewa siyasa, shugaban kwamiti ne zai tare, ka shirya da shi.

10. Maki, wasiƙa da rahoto

Ba da maki kashi uku cikin makin gwajin zango: littafin rukuni, takardar ƙirgan gida ta kowane yaro, da tambaya biyu da za ka yi wa kowa shi kaɗai, irin su "jarka 6 lita nawa ce?" Ta haka ɗan rakiya ba zai ci gumin sauran 'yan rukuninsu ba.

Yara su rubuta wasiƙa da hannunsu, Hausa da Ingilishi, su jera abin da suka gano. Kwamitin SBMC ne zai yanke inda za a kai ta, mai unguwa ya sa albarka. Wataƙila a amsa, wataƙila a yi shiru. Gaya wa yara haka tun farko. A wani zagayen da muka yi, ba a jira kowa ba: da jama'a suka ji cewa abin da ya kashe tuƙa-tuƙar bakin masallaci bai wuce roba da ƙarfe ɗaya ba, a wurin aka yi karo-karo.

Kai kuma ka rubuta wa ofishin ilimi rahoton shafi biyu: abin da aka koyar, kwana nawa, me aka kashe, me ya ba da wahala. Roƙi a ba ka minti goma a taron shugabannin makarantu, ka tafi da yara biyu da taswirarsu. Idan makarantu huɗu ko biyar na mazaɓa ɗaya suka yarda su yi a zango guda, ku yi amfani da tambayoyi iri ɗaya da ma'auni iri ɗaya, jarka mai lita 25, in ba haka ba alƙalumanku ba za su haɗu ba. Kowace makaranta kuma ta bi nata mai unguwar; izinin wannan ba ya aiki a unguwar wancan.

Taswirar da littattafan a rubuta musu wata da shekara, a naɗe a leda saboda gara, a ajiye a ofishin shugaban makaranta. 'Yan ajin baɗi da ita za su fita, su duba wace rijiya ce ta ƙafe, jarka kuma ta koma nawa.